Ina son ƙera ƙaramin inji da hannuna, daga ina zan fara?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce ya daɗe yana sha'awar ƙananan injunan da mutane ke ƙerawa a gida, wasu na tururi wasu na fetur, waɗanda ba su wuce tafin hannu ba amma suna tashi suna juyi kamar manya. Bai taɓa aiki da injin sassaƙar ƙarfe ba, wurin da yake da shi ɗan lungu ne, burinsa kuma inji mai silinda huɗu. Yana so ya san abin da zai fara saya, da injin da zai fara ƙerawa.

Ɗan'uwa, ka ɗan jingine maganar silinda huɗu tukuna. Ka nemi injin sassaƙar ƙarfe mai juyi guda ɗaya, wanda ake ce wa lez, ka haɗa da kayan awo masu gaskiya, ka fara da inji mai silinda ɗaya wanda iska ke turawa. Ban faɗi haka don na raina burinka ba. Inji mai silinda huɗu aiki ɗaya ne ake maimaitawa sau huɗu, kuma dole huɗun su fito daidai da juna. Duk wannan sana'a a kan abu guda ta tsaya: zane ya ce milimita 12, ka sassaƙa, ka auna, ka samu 12 cif, ba 11.9 ba. Ranar da hannunka ya saba da wannan, sauran duk haƙuri ne da bin tsari. Kafin wannan ranar kuwa, ko wane irin inji ka saya ƙarfe kawai za ka yi ta ɓatawa.

Me ya sa lez ne farko? Ka dubi kowane inji ka ƙirga sassansa: fistin, silinda, sandar karanshaf, filawil (faifan nan mai nauyi da ke riƙe juyin inji), bawul, bushi, noti. Kusan dukkansu zagayayyu ne, lez kuwa aikinsa ke nan. Ƙarfen ne ke juyawa, wuƙar tana tafiya a hankali a gefensa tana ɗebe abin da ya yi yawa. Tun wajen 1800 da Henry Maudslay ya kyautata lez mai yanka tiredi, wato zaren jikin sukuru, a Landan, tsarin injin bai canja sosai ba. Injin milin, wanda wuƙarsa ce ke juyawa ƙarfen na tsaye, yana da daɗin aiki ƙwarai wajen fitar da shimfiɗaɗɗiyar fuska da huda rami a daidai wurinsa, amma zai iya jira. Masu wannan sha'awa a Ingila sun yi shekaru suna ƙera ƙananan jiragen ƙasa masu jan mutane da lez ƙirar Myford ML7, wanda ya fito a 1946, da diril na tsaye, da zarto da magagari. Abin da lez bai yi ba, magagari ya yi shi.

Wajen zaɓen girma, mutane sukan fara da injin sannan su nemi abin da za su ƙera da shi. Ka juya lissafin. Ka fara duba zanen injunan da kake so ka ƙera nan da shekara biyu ko uku, ka nemi abin da ya fi faɗi a cikinsu, wanda galibi filawil ne, sai ka nemi lez ɗin da zai iya juya shi ba tare da ya taɓa gadonsa ba. Ƙananan lez ɗin da ake ƙerawa a China, waɗanda ake kira 7x12 ko 7x14, suna juya abu mai faɗin kusan milimita 180, tsawon aikinsu kuma milimita 300 zuwa 350. Mutum biyu na ɗaga su, kuma sun ishi mai lungu. Sai dai ba kasafai suke zuwa a shirye ba: za ka wanke man da aka shafe su da shi, ka daidaita matsin sassan da ke zamewa, ka ɗaure injin gam a kan tebur mai nauyi. Sherline da Taig na Amurka sun fi su ƙanƙanta, suna da kyawun aiki, amma kan ƙananan sassa kawai. Tsofaffin Myford da South Bend mai inci 9 sun fi duka waɗannan nauyi da natsuwa, in dai ba su cinye ba. Nauyi alheri ne a lez. Inji mai nauyi ba ya rawa, injin da ba ya rawa kuwa shi ke ba da fuska mai santsi.

In tsoho za ka saya, kada sabon fenti ya ruɗe ka. Gadon lez yakan cinye ne kusa da cok, wato matsen da ke riƙe ƙarfe, domin nan ake yawan aiki. Ka matsa sukurorin keken wuƙa a daidai wurin har ya daina lilo, sannan ka tura shi zuwa ƙarshen gado. In ya cije a hanya, gadon ya cinye. Gwajin da ya fi wannan shi ne ka ɗaura sanda mai kaurin milimita 25, ka bar kamar milimita 100 a waje, ka yi mata yanka mara zurfi daga farko zuwa ƙarshe, ka auna kai da gindi. Bambancin da ka gani shi ne gaskiyar injin.

Kada kuma ka zuba duk abin da ka tanada a kan lez ɗin. Ka ware kusan rabi don kayan da ke tafiya da shi, in ba haka ba za ka zauna da inji a gabanka babu abin yi da shi. Amma a hankali ake sayensu, aiki ne zai riƙa gaya maka abin da ya rage. Na farkon farko su ne kalifa da maikiromita, na'urori biyu na auna kauri, maikiromitar mai auna milimita 0 zuwa 25, da agogon awo mai gindin maganaɗisu, da cok mai baki huɗu, da cok ɗin diril na ɓangaren wutsiya, wato ɓangaren lez da ke fuskantar cok daga ɗaya ƙarshen gado, da bakunan diril masu kyau har da ɗan gajeren nan na buɗe tsakiya, da injin washi. Manyan akwatunan taf da dai (taf na yanka tiredi a cikin rami, dai kuma a jikin sanda) masu araha, waɗanda ke ɗauke da kowane girma, ka bar su a inda suke. Taf uku ko huɗu masu inganci, M3 da M4 da M5 da M6 (lambar ita ce kaurin sukurun a milimita), sun fi su amfani nesa ba kusa ba, domin taf mara kyau a cikin rami yake karyewa, kuma yakan karye ne a sashen da ka riga ka gama wahala a kansa.

Bari in daɗe kaɗan a kan awo, don nan ne masu farawa ke yin sakaci. Kalifa tana nuna lamba biyu bayan ɗigo, amma kada ka yarda da ita fiye da kusan 0.03 na milimita. Yadda ka matsa ta ma yana canja abin da take nunawa. Maikiromita ita ce alƙali. Sukurun cikinta yana tafiya rabin milimita a kowane zagaye, an kuma raba zagayen gida 50, don haka kowane layi 0.01 ne. Gashin kan mutum yana kai kamar 0.07, fistin da silinda kuwa tazarar da ke tsakaninsu a ƙaramin inji ba ta wuce 0.01 zuwa 0.02. Ka ga ke nan ido ba shi da hurumi a nan. Ka goge bakin maikiromita kafin awo, ka rufe ta ka tabbatar tana kan sifili, ka riƙa matsawa da ɗan maɓallin ƙarshe mai ƙara don matsin ya zama ɗaya kullum. Sannan kada ka auna ƙarfe da zafinsa. Alminiyom mai kaurin milimita 25, in ya ɗau zafin digiri 30 sama da na ɗaki, yana kumbura da kusan 0.017. Ka auna shi a haka ka ga daidai, ya huce ka tarar fistin ya yi sako-sako.

Abu biyu game da hannayen juyawa na lez. Na ɗaya, in ka tura wuƙa ciki da milimita 0.5, kaurin sandar da milimita 1 zai ragu, domin ana ɗebewa ta kowane gefe. Wasu injunan lambobinsu na nuna zurfin yanka, wasu na nuna ragin kauri, don haka ka gwada naka ka sani tun ranar farko. Na biyu, kowane sukuru yana da ɗan lilo tsakaninsa da notinsa. In ka wuce lambar da kake nema, kada ka ɗan dawo baya kaɗan. Ka koma baya sosai, rabin zagaye ko fiye, sannan ka sake tahowa ta hanyar da ka fara. Ko sabon inji yana da wannan lilon, ba lalacewa ba ce.

Kafin ka kunna injin, ga maganar da ba na sassautawa a kanta. Ƙaramin lez ma ya isa ya karya yatsa ko ya fizge fatar hannu. Makullin cok ba ya kwana a jikin cok ko na daƙiƙa ɗaya: hannun da ya sa shi shi zai cire shi, domin in injin ya tashi da shi a ciki, fuskarka zai nufa. Ba a sa safar hannu a gaban abin da ke juyawa, ba a sa zobe ko agogo, ba a barin hannun riga ko wani tufa yana reto. Tabarau na kariya dole ne ko da yankan na minti ɗaya ne, musamman a kan tagulla da ke fesa ƙananan tsinke. Sassaƙen ƙarfe mai tsawo kaifi gare shi kamar reza, da ƙugiya ko burushi ake janye shi bayan an kashe injin. Kada ka naɗe tsumma ko sanfefa a yatsa ka kai kan ƙarfe mai juyi. Kuma duk lokacin da ka ɗaura sabon aiki, ka juya cok da hannu zagaye ɗaya ka ga babu abin da zai bugi gado ko wuƙa.

Wajen wuƙa, ina ba masu ƙaramin lez shawarar su koyi wasa tasu daga ƙarfen HSS, wani ƙarfe mai tauri da ke jure zafin yanka. Wannan ƙarfe ya samo asali ne daga gwaje-gwajen Frederick Taylor da Maunsel White a Amurka, waɗanda suka nuna shi a baje kolin Faris na 1900 yana yanka har bakinsa ya yi ja bai dakushe ba. Wuƙaƙen kabaid, wato 'yan bakunan nan masu tsananin tauri da ake ɗaurawa da sukuru, an yi yawancinsu ne don manyan injuna masu ƙarfi da gudu. Bakinsu ba shi da kaifi sosai, suna son a danna su, ƙaramin lez kuwa in an danna shi sai ya lanƙwashe ya yi ta kuka. HSS da aka wasa da kyau aka goge da dutsen washi yana iya ɗebe 0.02 ba gardama. In ka fi son kabaid, nemi masu sheƙi da kaifi waɗanda aka yi don alminiyom, suna aiki da kyau a ƙananan injuna har a kan ƙarfe. Kowace iri ce, bakin wuƙar dole ya tsaya daidai tsakiyar sandar. Ka share fuskar sanda ka duba: in ɗan tsiro ya rage a tsakiya, tsayin wuƙar bai daidaita ba.

Gudun juyi kuma lissafi gare shi, ba a kintata. Kowane ƙarfe yana da gudun da wuƙar HSS ke jurewa a kansa: ƙarfe mai taushi kamar mita 30 a minti, ƙarfen zubi kamar 20, tagulla da alminiyom 60 zuwa 90. Ka ninka wannan lamba da 318, ka raba da kaurin sandar a milimita, ka samu juyi a minti. Sandar ƙarfe mai milimita 25 tana son juyi kusan 380, mai milimita 6 tana son kusan 1,600. Filawil na ƙarfen zubi mai faɗin milimita 75 kuwa bai kamata ya wuce juyi 85 ba, shi ya sa lez mai iya tafiya a hankali da ƙarfinsa ya fi mai gudun tsiya amfani. In ka ji injin yana kuka, fuskar aikin tana fitowa da layi-layi, ka rage gudu, ka rage tsawon wuƙar da ke waje, ka duba ko sandar ta fito daga cok fiye da ninki uku na kaurinta. In ta fi haka, tana buƙatar tallafi daga wutsiya.

Wane ƙarfe za ka fara da shi? Wanda ka san sunansa. Guntayen da aka tsinto daga tsofaffin motoci da injuna jaraba ce ga mai farawa, domin da yawansu an gasa su sun yi tauri, wasu kuma yagewa suke yi maimakon yankuwa, sai ka ɗauka hannunka ne bai iya ba. Ka nemi alminiyom 6061, da tagulla mai sauƙin yanka, da ƙarfen da ake kira 12L14 ko EN1A, wanda aka yi shi musamman don lez. Alminiyom yana son ɗan kananzir a bakin wuƙa don kada ya manne. Tagulla da ƙarfen zubi a bushe ake yanka su. Tagulla tana da hali guda da ya kamata ka sani: tana fizgar wuƙa. Saboda haka wuƙarta saman bakinta a shimfiɗe ake barinsa ba gangare, bakin diril ma akan ɗan dakusar da kaifinsa da dutse, in ba haka ba yana gab da ɓullewa sai ya cafke aikin.

Kafin inji, ka yi mako biyu ko uku kana wasa da guntun sanda. Ka fitar da matakala uku a jikinta, masu kaurin milimita 20 da 16 da 12, kowace ka nemi ta tsaya cikin 0.02 na abin da ka nufa. Ka huda rami ka yi masa tiredi. Ƙa'idar ramin taf a awon mita mai sauƙi ce, kaurin sukuru a cire tazarar tiredinsa: M6 mai tazarar 1 yana son ramin 5, M5 ramin 4.2, M4 ramin 3.3, M3 ramin 2.5. Ka koyi daidaita sanda a cok mai baki huɗu da agogon awo har allurar ta daina motsi. Ranar farko zai ci maka lokaci mai yawa, daga baya ya zama aikin minti biyu. Cok mai baki uku yana da sauri amma ba ya riƙe abu a tsakiya cif, kuma in ka cire aiki ka mayar ba zai koma inda yake ba. Daga nan ne babbar ƙa'idar lez ta fito: duk fuskokin da dole su zagaya tsakiya ɗaya, a ɗauri ɗaya ake yanka su, ba a kwance aikin sai an gama. Kafin ka taɓa ƙarfe, ka zauna da takarda ka rubuta abin da za ka fara yi da abin da zai biyo baya, ka tambayi kanka ta ina za ka riƙe aikin a mataki na ƙarshe. Sassa da yawa sun lalace ne don mai su ya yanke wurin riƙo tun da wuri.

Yanzu injin farko. Ka ƙera mai silinda mai lilo. Tsohon tsari ne, William Murdoch ya yi samfurinsa tun 1785, kuma sassansa ba su fi goma ba. Ba shi da bawul ko ɗaya. Silindar tana rataye ne a jikin wata tsayayyar fuska da ƙusa guda da sifirin, tana da rami ɗaya a bayanta, fuskar kuma tana da biyu, na shigar iska da na fita. In karanshaf ya juya, silindar sai ta karkata gefe, raminta ya haɗu da na shiga, iska ta tura fistin. Filawil ya ɗauke ta zuwa ɗaya gefen, ramin ya haɗu da na fita. Shi ke nan. Amma a cikin wannan ɗan abu akwai duk darasin da babban inji zai nema a wurinka: rami madaidaici, fistin da ya zauna, fuska biyu da suka haɗu ba yoyo, da sanduna biyu, ƙusar lilo da karanshaf, da suka tsaya a kan kusurwa 90 da tsayayyar fuskar.

Ka zaɓi zane mai ramin silinda milimita 10 ko 12. Ramin ake fara yi, sannan a yanka fistin ya dace da shi, domin rage kaurin sanda da 0.01 abu ne mai sauƙi, faɗaɗa rami da 0.01 kuwa wahala ce. Bakin diril ba ya ba da rami mai gaskiya, yakan fi girmansa kuma ba ya zagaye sosai. Ka huda ƙasa da awo, ka bar kamar 0.2, ka ƙarasa da rima, wato bakin da ke gyara rami ya kai awonsa cif, a rabin gudun diril da mai isasshe, kuma kada ka taɓa juya rima baya. Fistin ya yi daidai in ya zame da nauyinsa a busasshiyar silinda, amma ka toshe ƙarshenta da yatsa ya tsaya ko ya riƙa sauka a hankali. Fuskokin da ke gogar juna kuma ka shimfiɗa sanfefa mai laushi, lamba 600 ko sama, a kan gilashi, ka riƙa zagaya su a kai da ɗan mai har sai duk fuskar ta yi launi ɗaya. Wurin da aka fi kuskure shi ne ramukan iska. Kada ka dogara da rula kaɗai. Ka yi ɗan ma'auni daga guntun ƙarfe wanda zai zauna a kan ƙusar lilo da ƙusar karanshaf, ka huda ta cikinsa, ramukan za su faɗa inda motsin injin da kansa ya nuna.

Da iskar kwamfureso za ka gwada shi, matsin ba 1 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne) ko ƙasa da haka ya isa, ko famfon taya ma yana tayar da shi. In ya ƙi tashi, cire bututun ka juya filawil da yatsa. In ka ji ya cije a wuri guda a kowane zagaye, akwai abin da bai miƙe ba, galibi ƙusar lilo ce ba ta tsaya daidai a kan fuskar silinda ba. In yana juyi sumul amma iska na huci ta gefe, fuskokin ba su haɗu ba ko sifirin ya yi laushi. Kada ka magance cijewa da ƙara iska. Injin da aka yi da kyau, da hurawar baki ma yana juyawa, kuma wannan shi ne gwajin da nake so ka sa wa kanka kafin ka wuce gaba.

Bayan shi sai inji mai bawul mai zamewa. A nan mutane da yawa ke sayen zubabbun sassa, kuma wanda ya fi shahara shi ne Stuart 10V na Ingila, mai ramin silinda inci uku bisa huɗu da tafiyar fistin inci uku bisa huɗu. Ƙarfen zubi yana da ɓawo mai tauri da yashi a jikinsa, don haka yankan farko ya zama mai zurfin da zai shiga ƙarƙashin ɓawon, in ba haka ba wuƙar za ta dakushe nan take. Ka lura kuma cewa yawancin tsofaffin zane-zane, irin waɗanda mujallar Model Engineer ta riƙa bugawa bayan da Percival Marshall ya kafa ta a 1898, da inci aka yi su. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Ka zauna ka mayar da zanen gaba ɗaya zuwa awo guda kafin ka fara, kada ka riƙa lissafi injin na juyawa.

Injin Stirling, wanda Robert Stirling ya yi wa rajista a 1816, yana jan hankalin masu farawa saboda ba ya buƙatar tukunya, ɗan zafi kawai yake so. Ni ba na ba da shi a matsayin na farko. Ƙarfinsa kaɗan ne ƙwarai, ɗan yoyo ko ɗan gogayya sun isa su hana shi motsi, kuma ba zai nuna maka inda laifin yake ba. Ya fi dacewa da na uku.

Injin fetur mai silinda ɗaya shi ne matakin da zai kai ka ga burinka, kuma nan ne aikin ke canja fuska. Tururi da iska suna yafe ƙananan kurakurai, fetur ba ya yafewa. Inji mai bugu huɗu, tsarin da Nikolaus Otto ya fitar a 1876, sai ya matse cakuɗin iska da mai kafin ya kama, don haka in bawul bai zauna a mazauninsa ba ko ringi bai rufe ba, ko tari ba zai yi ba. Za ka koyi goge bawul a mazauninsa mai kusurwa 45, da yanka ringi daga ƙarfen zubi, da fitar da giya biyu da za su sa sandar kam, wadda ke buɗe bawul, ta yi zagaye ɗaya a duk zagaye biyu na karanshaf. Za ka kuma bar wa fistin na alminiyom tazara fiye da ta injin iska, domin alminiyom yana kumbura kusan ninki biyu na ƙarfen zubi in ya ji zafi. A wannan matakin ne injin milin ke biyan kuɗinsa. Mai silinda huɗu kuma abin da zai ƙara maka shi ne karanshaf mai gwiwa huɗu da ƙera 'yan na'urorin riƙo da za su sa kowane sashe ya fito irin ɗan'uwansa.

Saura tukunyar tururi, wadda na bari ƙarshe da gangan, domin ita ce a cikin duk abin da na ambata ta fi iya raunata wanda ke tsaye a nesa. Ruwan da ke cikin tukunya mai matsin ba 4 zafinsa ya kai kusan digiri 150. In tukunyar ta tsage, wani ɓangare na ruwan nan take yake zama tururi, tururi kuwa yana cin wuri fiye da ruwa sau 1,600 da ɗoriya. Saboda haka ba a yin tukunya da gwangwani ko guntun bututun da ba a san asalinsa ba. Da jan ƙarfe mara ɗinki ake yin ta, a bi zanen da aka riga aka gwada ba tare da rage kauri ba. Ba a yin jikinta da tagulla mai tutiya, domin ruwan zafi yana cinye tutiyar a hankali ya bar ƙarfen kamar soso. Ba a kuma haɗa ta da dalmar liƙin waya, wadda ke narkewa a wajen digiri 185 kuma tana rasa ƙarfinta tun kafin nan. Liƙin azurfa ake amfani da shi, mai narkewa sama da digiri 600. Dole ta kasance da bawul ɗin kariya da agogon matsi. Kafin ta ga wuta, a cika ta da ruwa fal, babu iska ko kaɗan a ciki, a matsa da famfon hannu har ninki biyu na matsin da za ta yi aiki da shi, a bar ta a haka ana duba kowane haɗi. Da ruwa ake wannan gwaji don ruwa ba ya matsuwa, in wani wuri ya buɗe ɗigo kawai za ka gani. Kada ka taɓa gwada ta da iskar kwamfureso. Ƙungiyoyin masu wannan sha'awa a ƙasashe da dama suna da masu duba tukunya da ke ba da takardar shaida, kuma in akwai irinsu kusa da kai, ka kai musu zanen su gani tun kafin ka yanka bututun.